Inji Ya Tsaya Sau Ɗaya, Kwamfuta Ta Ƙirga Biyu

Anti Maimuna,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, domin na gaji da bayanin da babu mai saurara. Na yi wa ogana, na yi wa manaja, na yi wa mijina har ya fara gyangyaɗi a kan kujera. Ke ce ta huɗu. In ke ma kika ce ba ki gane ba, sai dai in je bakin gada in yi wa kogin Kaduna.

Ni ma'aikaciyar sashen kwamfuta ce a wani kamfanin roba da ke Kakuri, masu yin bokiti da baho da kujeru. Ba zan faɗi sunansa ba. A Kamazou nake zaune da mijina. Shekarata ɗaya da wata bakwai a wurin, amma har yau takardar wucin gadi nake riƙe da ita, an ce sai watan Oktoba za a tabbatar da ni. Mu biyu ne kacal a sashen, ni da ogana, Oga Cyril.

Dole in ɗan yi miki bayanin aikinmu, in ba haka ba ba za ki ga inda na jawo wa bawan Allah masifa ba. Muna da manyan injina uku. Kowanne yana da fayil nasa a cikin babbar kwamfutar kamfani, inda yake rubuta duk abin da ya same shi: ƙarfe nawa aka kunna shi, ƙarfe nawa ya tsaya, minti nawa ya yi a tsaye. Wannan fayil shi muke kira log. Akwai kuma wata manhaja da ba ta da aiki sai zuba ido a kan foldar da fayilolin suke ciki. Duk sabon layin da ya shigo, sai ta kwashe ta jera a rumbunta, daga rumbun nan kuma ake fitar da rahoton ƙarshen wata. Rahoton ba ya nuna layi-layi, jimla kawai yake bayarwa.

Mai kula da inji na biyu wani dattijo ne daga Makera, Malam Zakariyya'u, shekararsa goma sha tara a kamfanin. Mutum ne mai tsantseni har ya kan ba ni haushi. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba, duk lokacin da injinsa ya tsaya sai ya duba agogo ya rubuta da biro. Tun ranar da na fara aiki 'yata yake ce mini, ni kuma ina ce masa Baba.

A watan Fabrairu injin nasa ya fara rigima, injiniyoyi suka addabe ni, a rana sai in buɗe musu log ɗinsa sau goma. Adireshin fayil ɗin kuwa dogo ne kamar layin gidan mai, folda cikin folda cikin folda. Na gaji da bugawa, sai na yi abin da muke kira simlink. Ba kwafin fayil ba ne, Anti, fayil ɗin yana nan guda ɗaya a inda yake. Wata gajeriyar ƙofa ce kawai da take kai ki gare shi kai tsaye. Minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Kuskurena shi ne na ajiye ƙofar a cikin ainihin foldar da manhajar take gadi. Aka gyara inji, kowa ya watse, ni kuma na manta da ita sam.

To ita manhajar nan tana bin kowace ƙofa ta gani. A yadda masu ita suka ƙera ta, takan duba layukan farko na fayil, in ta ga ta taɓa karanta shi sai ta wuce. Ashe tun bara, kafin in san kan aikin, Oga Cyril ya canja wannan tsari. Dalilinsa kuwa, duka injinan uku da rubutu iri ɗaya suke buɗe fayilolinsu, sai manhajar ta ɗauka fayil guda ne, ta karanta ɗaya ta yi watsi da biyu. Shi ne ya saita ta ta riƙa ɗaukar kowane adireshi a matsayin fayil dabam. Bai gaya mini ba, bai kuma rubuta a ko'ina ba. Kin ga abin ya zama kamar mai ƙidaya ya shiga gida ta ƙofar gaba ya ƙirga mutane, ya zagaya ta ƙofar baya ya sake ƙirga su, ya tafi ya ce gida biyu ne.

Daga Maris har Yuni, in injin Baba ya tsaya sau ɗaya, rahoto ya ce biyu. In ya yi minti goma, rahoto ya ce ashirin. Ana cikin haka aka kawo mana sabuwar manaja, Madam Ifunanya, mace mai son lambobi, ba ta yarda da komai sai abin da allo ya nuna mata. Ta kira Baba, ya zo da littafinsa. Ta ce masa ita ba za ta ajiye kwamfuta ta kama biro ba. Takardar gargaɗi ta farko ta fito, ta biyu ta biyo baya. Ranar Litinin ta farkon Yuli aka cire shi daga kan injin, aka mayar da shi bayan fili yana tsintar fasassun robobi da za a sake niƙawa. Mutumin da ya koya wa rabin ma'aikatan nan aiki!

Ga inda abin ya ƙara muni. Tun da daɗewa kamfani ya yarda mai inji ya tsayar na minti goma don Azahar, goma don La'asar. Masu injina na ɗaya da na uku, Clinton da Uche, Kiristoci ne, ba sa tsayawa a lokutan nan. Da rahoto ya nuna Baba yana cin minti arba'in a maimakon ashirin, sai tsegumi ya tashi. Wasu suka ce da salla yake fakewa yana hutawa. Wasu suka ce a'a, sabuwar manaja ce ba ta son ganin mai salla. A kantin abinci har an fara raba benci. Anti, ke 'yar garin nan ce, kin san abin da ƙaramar magana irin wannan take iya zama.

Ni duk wannan lokaci ina ta tausaya masa, wallahi ban san hannuna ne a ciki ba. Sai ranar Laraba, kwana biyu bayan an cire shi, ina neman wani abu dabam a rumbun, idona ya faɗa kan layi biyu iri ɗaya sak. Ƙarfe biyu da minti bakwai da daƙiƙa talatin da ɗaya, dukansu. Bambancinsu adireshi kawai, na biyun kuma sunan simlink ɗina ne ɓaro-ɓaro. Na ruga wurin Oga Cyril, ya duba, sannan ya ce in goge simlink ɗin in ja bakina in rufe, wai ba yau kwamfuta ta fara iskanci ba, kuma in tuna takardata ba ta fito ba. Ni kuma, sakarya, na goge.

Garin neman gira na rasa ido. A makon ne aka ɗora wani ma'aikaci, Umar, a kan inji na biyu. Da rahoton Yuli ya fito, tsayuwar inji ta ragu da rabi cif, tunda ƙofar bayan ta rufe. Madam ta ɗaga takardar a taron ma'aikata tana cewa ai ga shi nan, shi ma Umar yana salla, me ya sa nasa bai kai haka ba? Wato gogewar da na yi ita ce ta zama babbar shaida a kan Baba. Haba, wannan wane irin abu ne!

Na kasa haƙuri, na je ofishinta a watan Agusta na ce mata manhajar ta yi ta ninka lissafin inji na biyu. Ta ce me ya jawo, na ce matsalar saiti ce. Ta kira Oga Cyril, ya zo yana murmushi ya ce ɗan tangarɗa ne, an gyara, bai taɓa rahoto sosai ba. Sai ta juyo ta tambaye ni, in dai matsalar kwamfuta ce, ya aka yi ta warke daidai makon da aka cire Malam? Anti, amsar tana bakina, amma na haɗiye ta. Na fito ina jin kamar in mari kaina.

Yanzu an ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta ƙarshen watan nan a kan maganarsa, kuma kowa ya san sallama ce. Bayan shekara goma sha tara zai koma Makera da sunan malalaci mai fakewa da salla.

Mijina ya ce in yi shiru har Oktoba. Ya ce ni Kirista ce, in na fito na ce ni na jawo, babu wanda zai tsaya jin wani simlink, za a ce da gangan na shirya wa Musulmi tarko, kuma kullum ta Kakuri nake wucewa. Ba zan ce ƙarya yake ba, ina jin tsoron. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Ina jin haushin Oga Cyril da ya canja saiti ya ɓoye kamar asirin gidansu. Ina jin haushin Madam da take ganin allo ba ya kuskure. Har Baban ma ina jin haushinsa, domin shekaranjiya ya tare ni a bakin get, hannunsa duk baƙin roba, ya ce 'yata, ke da kika san kan na'urar nan, in kin samu sarari ki ɗan duba mini, ni dai ban san inda na yi laifi ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Wata dabara tana ta yi mini yawo a kai. Ina da ikon shiga rumbun. Zan iya share duk layukan da suka maimaitu a ɓoye, in sake fitar da rahotannin wata huɗun, lambobinsa su dawo daidai, ba tare da kowa ya san daga ina matsalar ta fito ba. Shin in yi haka? Ko in rubuta gaskiya in rasa aikina? Ko in bi maganar mijina? Kaina ya kulle.

Taki,
'Yar Kamazou da ta rasa tudun dafawa

*

'Yar Kamazou,

Kogin Kaduna ya huta, na gane. Ban tsaya a kan ganewata ba, na kai wasiƙarki wurin Vicky, mai kula da kwamfutocin gidan jaridarmu. Ta karanta tana gyaɗa kai, ta ce wannan tuntuɓe ne da ƙwararru da yawa suka taɓa yi. Na kuma tsallakar da wasiƙarki gaban wasu da suka riga ta zuwa, saboda Alhamis ba ta jira.

Bari in fara sauke miki rabin kayan. Yin simlink ba laifi ba ne, ajiye shi a foldar da ake gadi sakaci ne, irin wanda kowa kan yi. Da ogan naki bai canja saiti ya yi gum ba, da ƙofarki ba ta cutar da kowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har zuwa ranar Larabar nan, abin da ya faru kuskure ne na mutum biyu. Daga ranar kuwa ya tashi daga kuskure ya koma ɓoyo, wannan rabin kuma naki ne, ba zan sauke miki shi ba.

Kin ce kin gaji da bayanin da babu mai saurara. Yi haƙuri, 'yata, ba ki yi bayanin ba tukuna. Kin gaya wa manajarku komai ban da jimla ɗaya, cewa ke kika buɗe ƙofar a Fabrairu, ke kika rufe ta a makon da aka cire Malam. Tambayar da ta yi miki tambaya ce ta mai hankali. Matar nan ba muguwa ba ce, lambobin da sashenku ya miƙa mata ta yi aiki da su. Laifinta ɗaya, ta raina littafin dattijo ba tare da ta sa an gwada shi da fayil ba.

Dabarar share rumbu a ɓoye, ki cire ta daga ranki yau ɗin nan. Layukan da suka maimaitu su ne kaɗai shaidar Malam. In kika share su, rahoton da ke hannun Madam zai saɓa da sabon da kika fitar, a tambayi wa ya taɓa rumbun, a ga sunanki. Daga nan kin zama mai sauya bayanan kamfani don ceton wani, shi kuma a ce da bakinsa aka yi. Kin ga an gudu ba a tsira ba.

Ga abin da Vicky ta ce ki haɗa, kuma ba zai ci miki yini ba. Ki ɗauki mako guda daga watan Mayu. Ki buga ainihin log na injin, ki buga abin da ke rumbun na wannan makon, yadda kowane layi zai fito sau biyu da lokaci ɗaya da adireshi biyu, sannan ki roƙi Malam aron littafinsa ki jera su uku. Ki nemo tarihin umarnin da kika buga a kwamfutar, in yana nan, don a ga ranar da kika yi simlink da ranar da kika goge. Abin da ya fi duka ƙarfi kuma, ki nemi izinin Madam a rubuce a mayar da simlink ɗin na rabin awa, a tsayar da inji sau ɗaya tana tsaye, ta ga allo ya ce biyu da idonta. Mai son lambobi, lambobi ake kai mata.

Gyaran gaba kuma, kada a sake ajiye irin wannan ƙofa a foldar da manhajar take gadi, ko a saita ta ta daina bin su. Amma Vicky ta ja kunne, kafin a hana ta bi, a duba ko akwai wani log da ta simlink kaɗai take isa gare shi, kada a gudu daga ƙirga biyu a faɗa rashin ƙirgawa gaba ɗaya. Share maimaicin kuwa sai bayan kwamiti ya gani, da sa hannun manaja. Duk saitin da aka canja a rubuta shi inda na baya zai gani.

Oga Cyril ki same shi da safe, cikin ladabi, ki ce masa za ki miƙa takarda gobe, kina so ku sa hannu tare. Shi ma tsoro ne yake cin sa, kuma fita tare ta fi masa mutunci. In ya ƙi, ki rubuta abin da kika yi da abin da kika gani, ba zargi ba ƙari, ki miƙa da sunanki.

Maganar mijinki ba ta banza ba ce, na san garin nan. Shi ya sa nake so kafin takarda ta isa ofis, ke da shi ku taka har Makera ku gaishe da Malam a gidansa, ki gaya masa da bakinki. Zai ji zafi, yana da haƙƙin ya ji, kada ki nemi ya yafe nan take. Amma labarin da ya fito daga bakinsa, cewa yarinyar ta zo har gida ta faɗi gaskiya, shi ne zai kashe tsegumin kantin abinci. Wanda ya fi haɗari shi ne a gano bayan an kore shi cewa kin sani kika yi shiru. A wannan ne ba mai iya wanke ki.

Ba zan yi miki alkawarin takardar Oktoba ba. Tana iya jinkiri, tana iya ƙin zuwa. Ke matashiya ce mai sana'a a hannu, in wannan ƙofa ta rufe za ki ƙwanƙwasa wata. Dattijon da aka sallama da sunan lalaci a shekarunsa, babu kamfanin da zai sake buɗe masa get.

Ranar Alhamis mutum uku ne a kamfanin nan suka san Malam Zakariyya'u bai yi laifi ba. Ɗaya ya zaɓi shiru. Ɗaya shi ne Malam ɗin, an riga an ƙi yarda da shi. Saura ke.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya fitar da ku duka biyun lafiya.

Anti Maimuna